Gurbin Fatihu

Mijina Fatihu ɗan ƙwallo ne, yana buga wa wata ƙungiya a Kuala Lumpur. Da aka gama kakar wasa, aka buɗe cinikin 'yan wasa, koci ya ce yana neman ɗan gaba mai gudu. Fatihu da bakinsa ya ce akwai Muntasir, ɗan unguwarsu a Kano. Da Muntasir ya iso, Fatihu ne ya ɗauko shi daga filin jirgi, ya sauke shi a falonmu a unguwar Sentul. Ni kuwa na yi ta tuƙa tuwo, wai baƙo bai saba da cimar Malesiya ba.

Ranar Laraba bayan la'asar Fatihu ya shigo, ya zauna a ƙasa, ko takalmi bai cire ba.

"Baban Kamila, lafiya?"

"Sun ɗauki Muntasir."

"To, ai abin da kake so ke nan."

"Gurbin 'yan ƙasar waje ya cika, Nuriyya. Sai sun saki ɗaya kafin su yi masa rajista. Ni suka saki."

Na sandare riƙe da ludayi, miya na ɗiga a ƙafata, ko zafinta ban ji ba.

Sai ga Muntasir ya turo ƙofa da ledar kaza daga shagon abinci na mamak, Indiyawa Musulmi, baki har kunne. Ashe babu wanda ya gaya masa.

"Yaya, Allah ya saka da alheri," in ji shi. "Gobe ka tashe ni da wuri mu tafi atisaye tare. Ban san hanya ba."