Yashin da Baba Tela Ya Shimfiɗa

Tun ranar da ma'aikatan muhalli suka ɗebi ƙasar kangon da ke bayan gidan Baba Tela, suka ce akwai gubar dalma a ciki, hankalin tsohon bai sake kwanciya ba. Kangon nasa ne. Shi ya ba wani mai fasa tsofaffin batiran mota haya, mutumin ya yi ta tsiyaye ruwan batir a ƙasa, daga baya ya kwashe komatsansa ya yi gaba. 'Yan zaman bakin titi kuwa, kun san halinsu, kowa lauya ne. Suka ce mai fili ke biyan aikin kwashe ƙasa, in ya kasa a sayar da gidansa.

Sai ya yi dabara irin ta teloli. Ya sayo yashi tifa guda, ya rufe baƙar ƙasar ruf.

Matarsa ta leƙo. "Malam, ƙasa ce fa, ba wando ba, da za ka yi mata maho."

"Ke dai yi shiru. In sun raba mu da gidan nan, a kan keken ɗinki za ki kwana?"

Da ma'aikatan suka dawo da motar haƙa, shugabarsu ta tona yashin da tsinin takalminta. Ga baƙi ƙirin a ƙarƙashi.

"Baba, aikin waye wannan?"

"Iska ce, 'yar nan."

"Iskar da ta zo a tifa?"

Ya marairaice. "Ki dubi girman Allah. Gidan nan kaɗai gare ni."

"Wa ya ce gidanka muke so? Duk batirin da aka sayar, akwai ɗan harajin da kamfani ke zubawa a asusu guda, don irin wannan rana. Wanda ya yi ɓarnar hukuma za ta neme shi. In ya ɓace, asusun ya ɗauka. Kai ba ruwanka. Sai dai ka ƙara mana aiki, yashinka ma ya gurɓace. Kuma gobe a kai jikokinka gwajin jini, shi ma kyauta."

"Kyauta? Gidan kuma?"

"Yana nan, Baba."

Ya zauna daɓas a kan yashin, yana hamdala yana share ido da hularsa.

"Baba! Tashi daga nan!" in ji shugabar. "So kake mu kwashe da kai?"