Tumbin Waya

Ranar Talata abin ya fara, cikin damina ta farko bayan an kafa ƙarfen sabis a bayan garin Argungu. Hadari ya taso daga gabas tun hantsi, ruwa ya kece har bayan azahar, kafin la'asar duk mai wayar hannu a garin ya rasa sabis. Aka yi rana kwana biyu, sabis ya dawo da kansa. Da aka sake ruwa ran Asabar, ya sake ɗaukewa.

Munzali na cikin waɗanda suka ja wayoyin ƙarfen nan. Daga aji biyu na sakandare ya bar makaranta. Ya yi kabu-kabu tsakanin Ambursa da Birnin Kebbi, ya yi dakon shinkafa a Zauro, babu inda ya cika wata shida. Hawan ƙarfe kaɗai ya riƙe shi, don kullum akwai abin da bai sani ba a can sama. Shi ya hau da wayoyin da ke kai wuta da waɗanda ke ɗaukar magana, shi ya naɗe kowace mahaɗa da baƙin salatif don kada ruwa ya shiga.

Saboda haka shi Injiniya Abdussamadu, shugaban aikin, ya kira ofis a Birnin Kebbi.

"Ruwa na shiga wani wuri, kuma kai ka naɗe mahaɗan," in ji shi. "Ran Alhamis zan je in duba. In naɗinka ne, ka ajiye mini bel ɗin hawa, ka koma kan babur ɗinka."

Munzali bai jira Alhamis ba. Ran Laraba da safe ya isa Argungu, ya iske mai gadin wurin zaune yana ɗinkin komar kamun kifi. Kawu Arzika ne, wan mahaifiyarsa Inno, tsohon masunci wanda ciwon gwiwa ya raba da gulbi. Munzali ne ya samo masa gadin.

"Ɗan Inno, yau ma sama za a? Ai ko shamuwa tana sauka ta ci abinci."

"Kawu, in ban hau ba yau, gobe sai a sauke ni gaba ɗaya."

Ya hau, ya bi mahaɗa goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya yana latsawa da yatsa. Duk a bushe suke. Ya daɗe zaune a sama yana kallon fadama, shinkafa koriya shar har inda ido ya tsaya. Abin ya fi ba shi mamaki fiye da tsoro. In ruwa bai shiga ta sama ba, ta ina yake bi?

Ya sauko ya ari butar Kawu, ya hau taku goma, ya tsiyaya ruwa a jikin waya ɗaya. Ruwan bai faɗi ƙasa ba. Ya manne a ƙarƙashin wayar ya gangara, ya bi ta har bangon ɗakin na'urori, ya shige ta kafar da wayoyin ke shiga.

Nan Munzali ya tuna. Ranar da suka ja wayoyin, Injiniya ya sa sun bar wa kowace lanƙwasa kafin ta shiga bango, ta yi tumbi ƙasa sannan ta tashi. Bai tambayi dalili ba, ya ɗauka rara ce aka bari. Yanzu babu tumbin. An ja wayoyin sun miƙe sambal, an ɗaure rarar a jikin ƙarfe da zaren koma, da ƙullin da ya sani tun yana ƙarami.

"Kawu, wa ya ɗamre wagga?"

"Ni mana," in ji Kawu Arzika, bai ko ɗago kai ba. "Kun bar igiya sake kamar aikin raggo. A gulbi wanda ya bar igiya da tumbi dariya akai mai. Na ce kada manyanka su gani su ce ɗiyan Inno ba su iya aiki ba. Kwana ukku ina ja."

Munzali ya kwance ƙulli ɗaya, wayar ta koma yadda take. Ya sake zuba ruwa. Wannan karon ruwan ya taru a ƙasan tumbin, ya yi nauyi, ya ɗiga a ƙasa. Sau uku ya maimaita, har tsohon ya ajiye komarsa ya zo ya tsuguna yana kallo.

"Ashe indararo ne," in ji shi a hankali.

Munzali ya kai hannu zai kwance sauran, Kawu ya riƙe masa hannu.

"In ka kwance, gobe Injiniya mi zai gani?"

"Ba komi."

"In bai ga komi ba, laifin wa?"

Munzali ya janye hannunsa. Kawu ya karɓi zaren, ya ja wayar, ya mayar da ƙullin da kansa.

Ran Alhamis Injiniya ya zo. Kawu Arzika bai bari an tambaye shi ba, shi ya cika buta ya miƙa wa Munzali, shi ya nuna ƙullin ya ce aikinsa ne. Injiniya ya kalli ruwan yana shiga bango, da aka kwance ƙullin ya kalle shi yana ɗiga a ƙasa, ya ce laifinsa ne da bai taɓa faɗa wa kowa amfanin tumbin ba. Amma ya ce kamfani ba zai bar mai gadin da ya taɓa waya ba. Ya ce wa Munzali ya riƙe bel ɗinsa, akwai aiki a Gwadangaji ran Litinin.

Da aka buɗe ɗakin aka duba, akwatin wuta ɗaya ya ƙone, batura huɗu sun mutu, waya biyu sai an sake su. Argungu ta yi kwana biyar babu sabis. Kawu Arzika ya rasa gadinsa, ya kuma manta butarsa a gindin ƙarfen.