Bindigogin Mirza Tufail

Dastagir mai alewa yana riƙe da kofin shayi a bakin Mirza Tufail sai tsohon ya cafke masa wuyan hannu.

"Ɗaya a cikinsu ta gaske ce."

Dastagir ya ɗaga kai ya dubi bango. Bindigogi libarba ne jere a kan ƙusoshi, tun daga ƙofa har taga. Mirza ya ƙare ƙuruciyarsa yana haska fim a wata silima a Lahore, kuma duk bindigar da ya gani a hannun jarumin da ya burge shi sai ya nemo kwaikwayonta. Unguwa kaf ta san na wasa ne.

"Wacce, Mirza?"

"Wadda na gaya maka."

"Yaushe? Ba ka gaya mini komai ba."

"Kai dai da ma kanka sai narkakken sukari," in ji Mirza, ya lumshe ido. Bai sake magana ba. Bayan la'asar ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta gidan ya cika da dangi. Dastagir ya hango jikokin mamacin sun sauko da bindigogi biyu suna wasan harbin juna da baki a tsakar gida. Ya karɓe, ya ja uwarsu Shagufta, 'yar Mirza, gefe, ya faɗa mata maganar Mirza.

"Kawu, Baba fa ya kwana biyu yana kirana da sunan mahaifiyata."

"Na sani."

"To ka yarda da maganar?"

"Ban yarda ba. Ban kuma ƙi ba."

Ta rufe ɗakin Mirza ta ɗaure makullin a gefen mayafinta.

Bayan an watse daga zaman makoki Dastagir da Shagufta suka zuba bindigogin a buhun shinkafa, suka hau keke mai ƙafa uku zuwa wurin wani mai gyaran bindigogi a bayan kasuwa. Duk ramin da keken ya faɗa sai Dastagir ya ɗauke ƙafarsa daga jikin buhun.

Mai gyaran ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa baki, ya ƙwanƙwasa, ya ajiye.

"Wannan a toshe take. Wannan katako ce aka shafa wa fenti. Wannan kuwa roba. Baba, ko tattabara ba za ka kashe da su ba, sai dai ka jefe ta."

"Ka sake dubawa. Mai su ya ce ɗaya ta gaske ce."

"Mai su yana ina?"

Dastagir ya soma mayar da su cikin buhun.

A hanyar komawa Shagufta ta dafe baki. Ta ce ta tuna, tana ƙarama babanta ya taɓa cewa akwai guda wadda ba kwaikwayo ba ce, ita ce ainihin wadda jarumi ya riƙe a gaban kyamara, wani mai kula da kayan fim ya ba shi.

"Ƙila ita yake nufi. Ƙila kai yake so ya bar wa."

"Wacce ce?"

"Wallahi ban taɓa tambaya ba. Haushinsu nake ji a lokacin."

Dastagir ya yi ta laluben shekarun da suka yi suna shan shayi a ƙarƙashin bangon nan. Mirza ya sha magana a kan bindigogi, shi kuwa hankalinsa yana kan kaskon da ya bari a wuta. Ko an gaya masa, ko ba a gaya masa ba, ya kasa tunawa.

A ƙofar gida Shagufta ta kwance bakin buhun.

"Ɗauki ɗaya, Kawu."

Ya daɗe yana juya su. Ya ɗauki wata mai tsagaggen mariƙi, ya mayar, ya sake ɗauka. Ya tsallaka zuwa shagonsa da ita a naɗe cikin takardar alewa, ya ajiye ta kusa da sikeli, ya zauna bai kunna wuta ba.