Ciwon da Inna Ba Ta Yi Ba

Da aka yi wa malamar lissafi tayin aiki a birni, sai ta je ta gano wa idonta. Ɗakin da aka nuna mata yana can ƙololuwar bene, maƙwabta na wucewa ba sallama, kuma ta ɓata a hanya har ta yi kuka a bakin titi. Da ta dawo, ta ce wa shugaban makarantarsu ta fasa, mahaifiyarta ba lafiya.

Ran Asabar sai ga shugaban da matarsa sun zo dubiya. Suka tarar da Inna tana faskare.

"Sannu da jiki, Inna," in ji shi. "Kin haifi 'ya, ta ƙi birni saboda ke."

Inna ta dubi 'yarta, ta ajiye gatari, ta ce, "Da sauƙi."

Bayan sun tafi ta ce, "Auta, in tsoro kike ji, ki ce tsoro. Kada ki kwantar da ni ina tsaye da ƙafata."

Malamar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da hutu ya ƙare ta tafi birnin, Inna ce ma ta ɗaure mata kaya.