Safar Ɗaukar Gilashi

A shagon yankan gilashi, yanka yatsa ba labari ba ne. Ka tsotse jinin, ka ci gaba da aiki. Amma tun da aka ji Gajere yana da ƙanjamau, yayansa, mai shagon, ya karɓe masa abin yanka, ya ajiye masa kujera a lungu. Wai tausayi ke nan! Yana shan maganinsa, jikinsa garau, amma ko filaya za a ba shi sai a ajiye a kan tebur ya ɗauka. Wata da watanni ba hannun da ya taɓa shi, har na Yaya da ya goya shi yana ƙarami. Barci ya ƙaurace masa. Ya fara magana shi kaɗai, sai aka ƙara masa da sunan mahaukaci.

Ran nan da hantsi ya miƙe, ya suri guduma, ya rafka wa babban madubin da aka gama gogewa. Ya tarwatse. Ya koma kan na kusa da shi.

"Kai, Gajere! Kanka ɗaya kuwa?"

"Zo ka hana ni, Yaya!"

Ma'aikata suka yi kansa, suna hango jini a gwiwar hannunsa suka watse kamar kaji. Wani ya tokare shi da dogon katako daga nesa. Gajere ya fizge katakon, ya maka shi a kan tagogin da aka jera.

"Ka mare ni mana! Ni ne fa, Yaya. Ƙaninka ne. Ka shaƙe ni in ka ga dama!"

Yaya ya taho idonsa jawur. Zuciyar Gajere ta buga, wallahi da murna. Ya yar da gudumar, ya miƙa fuska.

Sai Yaya ya tsaya a bakin tebur. Ya ɗauki safar ɗaukar gilashi, mai kaurin nan, ya zura hannun dama, ya zura na hagu, a natse. Sannan ya rufe shi da duka, naushi a baki, naushi a ciki, har ya kai shi ƙasa cikin fasassun madubai.

Gajere bai kare kansa ba. Yana kwance ya ga Yaya ya cire safar da yatsu biyu, ya ce wa wani ma'aikaci, "Kai ta waje ka ƙona."

A nan ne Gajere ya fashe da kuka.