Da Sauƙi

Ƙanƙara na narkewa a cikin wata kula, ruwa na ɗiga a kan simintin bodar Jibiya, Dakta Maharazu kuwa ya ƙura wa ɗigon ido kamar jininsa ne ke zuba. Jinin kunkuru ne a ciki, kwalba sittin, daga wani daji can bayan Maraɗi. Shekara talatin ya kwashe yana bin waɗannan halittu, yana neman dalilin da ya sa tsufa ke jin kunyarsu. Takardar izinin shigo da jinin ce ya manta a masauki, direbansa ya koma ɗaukowa. Imrana, jami'in kwastan, ya ba shi benci cikin ladabi, amma ya ce kula ba ta wucewa sai da takarda.

Daga nan zuwa Daddara, inda mahaifiyarsa ke kwance, tafiyar babur ce 'yar kaɗan. Ya kira ƙanwarsa.

"Zaituna, ya jikin Inna?"

"Da sauƙi, Yaya. Kana ina?"

"Ga ni a boda. Bari in kai kaya firji a Katsina, gobe in Allah ya yarda ina tafe."

"To," in ji ta. "Allah ya kawo ka."

Imrana, da ya ji komai, ya matso. "Dakta, ka bar mini kular, ka je ka duba Hajiya ka dawo."

"An ce da sauƙi," ya amsa. Ya kashe wayar don kada caji ya ƙare.

Haba Maharazu! Haifaffen Daddara, a ce bai san "da sauƙi" ba? Ai ko an fara laƙƙana wa mutum kalmar shahada, abin da za a ce maka ke nan. Wataƙila zama da ma'auni ne ya toshe masa kunne. Wataƙila kuma ya gane sarai, ya kau da kai saboda kular.

Bayan la'asar direba ya iso, aka buga hatimi. Yana kunna wayar ta yi ƙara.

"Yaya, Inna ta cika tun kafin azahar." Muryar Zaituna ta dishe. "Mun kira har mun gaji. Liman ya ce ba a jira da gawa. Yanzu maza suka dawo daga kai ta."

Ya zauna a kan kular.

Imrana ya cire hularsa ta aiki. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, Dakta. Ta sha miya kuwa? Shekarunta nawa?"

Akwai kunkuru ɗari biyu da goma sha ɗaya da Maharazu zai iya faɗin shekarunsu ba tare da ya duba littafi ba.

"Sai na tambayi Zaituna," ya ce.