Gajeren Wando a Dutsen Dukku

Tun da likita ya ce wa Munzali tumbinsa ne zai kai shi ƙasa, bai sake cin tuwo da daɗin rai ba. Abokinsa Oladipo, mai shagon kayan gyaran babur a Nasarawa, shi ya kawo shawara: in an tashi aiki su hau keke zuwa Dutsen Dukku, su haye shi da ƙafa, su sauko kafin magariba.

Keken dai ba komai. Tashin hankalin gajeren wando ne, wanda Oladipo ya dage cewa babu motsa jiki sai da shi. Magidanci kamar Munzali, akawu guda, ya fita gwiwa a waje? Sai ya yi dabara. Yakan ɗora jallabiya tun daga gida a Gesse, in sun bar gari ya tuɓe ya ɗaure ta a bayan keke. Ko matarsa Rauda ba ta sani ba. Babban tsoronsa shi ne labarin ya kai Argungu, ya shiga kunnen surukinsa Alhaji Hodi, dattijon da bai taɓa yarda sun haɗa ido ba tun da ya auri 'yarsa.

Wata Laraba suka jingina kekuna a gindin dutsen, suka kama hawa. Munzali na haki kamar zai shiɗe, Oladipo na gaba yana tsokanarsa wai shinkafar Rauda ce ke riƙe masa ƙafa. Da suka kai sama, ga fadama kwance kore shar, rana ta yi ja a kan gulbi. Daɗi ya kama Munzali har cikin rai. Ya buɗe hannuwa zai sha iska ke nan, sai ya ji tari a bayan wani ƙaton dutse. Ya san mai tarin nan.

Alhaji Hodi ne zaune yana mayar da numfashi. Hula a ka, singileti a jiki, sai jan gajeren wando irin na 'yan ƙwallo.

Ƙafafun Munzali suka durƙusa da kansu, don sun saba. To amma durƙuso da gajeren wando ƙarin tonon asiri ne. Ya zabura ya miƙe, ya tuna tsayuwa ƙiƙam a gaban suruki rashin kunya ce, ya sake zubewa. Shi kuwa Alhaji ya cire hula ya rufe gwiwa ɗaya, ya rasa abin rufe ɗayar. Oladipo kaɗai kunya ba ta kama ba.

"Barka da yamma, Alhaji. Kai ma likita ne ya sa ka?"

"Shi na," in ji dattijon, idonsa na kan fadama. "Can Argungu kowa ya san ni, shi ya sa in na kawo albasa nika laɓowa nan." Ya juyo wajen Oladipo. "Yaro, kai ɗai ka hawo, ko?"

Oladipo ya dubi abokinsa da ke tsugunne yana jan wando ƙasa, wandon ya ƙi. Ya haɗiye dariya.

"Ni kaɗai, Alhaji."

"Madalla. Ni ma ban zo ba. In ka sauka, ka hwaɗa ma wanda bai zo ba: Laraba tawa ta. Shi ɗauki sauran ranakku."